Sito Ɗaya, Asibitoci da Yawa: Tarihin Riƙon Asibiti a Ƙasar Dutse

Duk wanda ya san yadda ake riƙe asibiti zai gaya maka cewa ciwon da ke kashe shi daga sito yake farawa. Marasa lafiya ba sa yankewa, balle daga watan Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara gida-gida tun daga Gwaram har Miga. Abin da ke yankewa shi ne magani, da ledar ƙarin ruwa, da safar hannu, da man janareta. Ranar da ma'aikacin ɗakin magani ya fara miƙo wa mutane takardarsu ta taga yana cewa su je kemis su saya, ranar ce asibitin ya fara zama kango, ko da fentinsa bai bushe ba. Idan aka bi tarihin kusan shekara 100 na asibitin zamani a ƙasar da yau ake kira Jigawa ta tsakiya, wato Dutse da Birnin Kudu da Gwaram da Buji da Kiyawa da Jahun da Miga, za a ga abu guda yana maimaita kansa. Duk lokacin da ƙananan asibitoci suka haɗa sito da asusu da hanyar tura mara lafiya gaba, suna numfashi. Duk lokacin da aka sake su kowa ya ji da kansa, sunan 'yanci ne kawai ke rage musu, kantocin maganinsu kuwa wayam.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne, lissafi ne na ɗan kasuwa. Ɗauki allurar da ake yi wa mace don tsayar da zubar jini bayan haihuwa. Ba ta da tsada, amma zafi na kashe ƙarfinta, don haka sai an ajiye ta a firji. Firji na bukatar wuta dare da rana, a garin da zafin watan Afrilu kan haura digiri 40. Ɗauki maganin dafin maciji: dole ya kasance a ajiye, amma ƙaramin asibiti na iya yin watanni bai buƙace shi ba, har wa'adinsa ya ƙare, kuɗin ya bi ruwa. Haka ajiyar jini, haka injin ɗaukar hoton ciki, haka ma'aikacin da ya ƙware wajen yin allurar barci kafin tiyata. Kuɗin riƙe waɗannan abubuwa kusan ɗaya ne ko mutum biyar suka amfana da su a wata ko mutum ɗari biyar. Ga kuma maganar saye. Mai sayen kwali biyu a kasuwar magani ta Kano farashin ɗai-ɗai yake biya, ya ƙara da kuɗin mota, kuma ba shi da hanyar tantance na gaskiya da jabu in ban da amanar dillali. Mai sayen mota guda kai tsaye yake magana da kamfani, shi ke yanka sharaɗi, kuma yana iya mayar da kayan da bai gamsu da su ba.

Ɗakunan shan magani na farko a wannan yanki a cikin irin wannan haɗaka aka haife su, ko da yake ba wanda ya tambayi ra'ayinsu. A zamanin Turawa, Dutse da Birnin Kudu da Gwaram da Jahun duk ƙasashen hakimai ne a ƙarƙashin Sarkin Kano. En'e ta Kano, wadda baitulmalinta ya fi na kowace En'e a Arewa ƙarfi, ta buɗe Asibitin Birni a ƙarshen shekarun 1920, wanda yau ake kira Asibitin Murtala, sannan daga shekarun 1930 aka shiga giggina asibitocin sha-ka-tafi a garuruwan hakimai. Malamin asibitin da ke zaune a ƙauye ba ya cinikin magani da kowa. Daga sito na Kano ake aiko masa da kaya, daga baitulmali ake biyan sa albashi, likita kan zo rangadi ya duba littafinsa, ciwon da ya fi ƙarfinsa kuma ya tura birni. Kada a yi wa wannan zamani kwalliyar da ba tasa ba. Ɗakunan ƙalilan ne, magungunan 'yan kaɗan, mata da yawa ba sa zuwa, kuma kuɗin daga haraji da jangali ne da ake karɓa da bulala. Amma ginin tsarin yana da ma'ana: mai saye ɗaya, mai biya ɗaya, mai bincike ɗaya, kuma kowa ya san wanda za a kama idan kwalba ta ɓata.

Abin da ya biyo baya tsinkewa ce sannu a hankali, kuma kowane mataki da kyakkyawar niyya aka ɗauke shi. An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e, ya rarraba dukiyarta da ma'aikatanta. A 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali, abin da talaka ya yi wa murna da gaskiyarsa, sai dai daga nan ƙaramar hukuma ta koma zaman jiran kason tarayya. Daga baya, lokacin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992, aka ɗora kiwon lafiya na matakin farko a wuyan ƙananan hukumomi, bisa ruhin taron Alma-Ata na 1978, aka bar wa jiha manyan asibitoci, tarayya kuma asibitocin koyarwa. A takarda rabon ya yi tsaf. A ƙasa kuwa, ɗakin shan magani na ƙauye da babban asibitin da yake tura wa marasa lafiya sun zama 'ya'yan iyayengiji daban-daban, ba mai ba wani umarni, ba mai bin wani bashin bayani. Wannan kuma ya faɗo daidai lokacin da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, maganin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabi.

Maganin da aka kawo wa wannan ciwo daga Mali ya fito. A watan Satumba na 1987 ministocin lafiya na Afirka suka taru a Bamako tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF, suka amince da tsarin asusun magani mai jujjuyawa: a ba asibiti jarin magani sau ɗaya, ya sayar da 'yar riba kaɗan, ya sake sarowa da kuɗin. Dabarar ba baƙuwa ba ce ga kowace mai ƙosai, wadda ta san cewa ranar da ta taɓa uwar kuɗi don cefane, gobe ba suya. To, abin da aka yi ta yi kenan. Aka ranci kuɗin asusun don gyaran mota, aka ba manya magani bashi, aka sa farashi bisa yadda aka saya bara alhali naira ta sake faɗuwa, sai kuɗin da ya dawo ya kasa cika kanta. Hukumar PTF, wadda Muhammadu Buhari ya shugabanta a zamanin Abacha, ta sake zuba magunguna a asibitocin ƙasar nan a kan wannan tsari, amma bayan an rushe ta a 1999 yawancin asusun suka bi ta. Masu cewa wannan ya nuna dabarar Bamako ba ta da amfani sun yi gaggawar yanke hukunci. Kowane asibiti an bar shi da asusunsa shi kaɗai, ba amintaccen wurin sari, ba mai zuwa duba littafi. Jari aka raba, ba a gina kasuwar da jarin zai juya a cikinta ba.

A cikin wannan hali aka haifi Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, aka mai da Dutse babban birni. Sabuwar jihar ta gaji ƙauyuka masu yawa da likitoci ƙalilan, domin yawancin manyan asibitoci da sito da hukumar kula da su a Kano aka bar su, tafiyar sama da kilomita 100 daga Dutse. Gine-gine sun biyo baya: babban asibitin Birnin Kudu ya koma hannun tarayya ya zama cibiyar lafiya ta tarayya, Dutse ta sami asibitin ƙwararru mai sunan Rasheed Shekoni, kantoman soja da ya mulki jihar daga 1996 zuwa 1998, wanda yanzu ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Tarayya ta Dutse. Sai dai ƙarin gini bai ɗinke ɓarakar ba. Ƙananan hukumomi 27 na nufin sassan lafiya 27, kowane da ɗan kwangilarsa.

Gyaran da ya fi muhimmanci a wannan tarihi ya zo ne a shekarun 2000, kuma ba a gini ya zo ba. Da tallafin shirin PATHS na gwamnatin Birtaniya, wanda ya fara aiki a 2002, jihar ta tsayar da JIMSO, hukumar da za ta riƙa sarin magani da kayan aiki a dunƙule ta sayar wa asibitocin gwamnati, aka kuma sake zuba jari a asusun magani, wannan karon da rasit, da katin shige da fice na kowane magani, da kwamitin mutanen gari da ke sa ido. A 2007, shekarar da Sule Lamido ya hau mulki, aka kafa Hukumar Gunduma bisa doka. Aka kasa jihar gida tara, a tsakiya akwai Dutse da Birnin Kudu da Jahun. A kowace gunduma, babban asibiti da ƙananan da ke kewaye da shi suka koma ƙarƙashin shugabanci ɗaya, ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumomi suka koma hannun hukumar, kuɗin jiha da na ƙananan hukumomi suka haɗu a hanya ɗaya. Amfanin wannan a aikace yake bayyana. Za a iya ɗauke ungozoma daga inda suka yi yawa a kai ta inda babu, ba tare da neman yardar ciyaman biyu ba. Maganin da ya kusa lalacewa a wani asibiti za a iya kai shi inda ake nemansa. Enugu ma ta gwada irin wannan tsari a wajajen lokacin, kuma a 2011 Majalisar Lafiya ta Ƙasa ta amince da manufar tattara kiwon lafiya na matakin farko a ƙarƙashin inuwa ɗaya, inda aka riƙa kawo Jigawa a matsayin misali.

Don a ga abin da idon basira, a dubi mace mai doguwar naƙuda a wani ƙauyen Miga da tsakar dare. Rayuwarta ta rataya ne a kan sarƙa mai zobe huɗu ko biyar, kuma ba asibiti ɗaya da ya mallake su duka. Sai an sami mota, abin da ya sa aka fito da shirin Haihuwa Lafiya da kuma yarjejeniya da direbobin tasha na ƙungiyar NURTW don ɗaukar masu naƙuda. Sai ma'aikaciyar ƙaramin asibiti ta gane da wuri cewa abin ya fi ƙarfinta, kuma tana da allurar jijjiga a hannu da za ta yi mata kafin a kama hanya. Sai an tarar da jini da wuta da mai yin tiyata a babban asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ke aiki tare da ma'aikatar lafiya tun 2008 a ɓangaren haihuwa da gyaran yoyon fitsari. Zobe ɗaya ya tsinke, sauran sun tashi a banza, kuma yawan matan da ke jiran aikin yoyon fitsari shi ne lissafin daren da sarƙar ta tsinke.

Haɗakar ba ta rasa masu ƙorafi ba. Na farko zai ce duk waɗannan asibitocin gwamnati ne, umarni aka ba su suka haɗu, don haka ba su da abin koya wa asibiti mai zaman kansa. Gaskiya ne umarni aka ba su. Amma asibitin gwamnatin da ke riƙe da asusun magani, a wannan fuska ɗan kasuwa ne: in bai sayar ya maido ba, ba wanda zai cika masa kanta. Sannan akwai waɗanda ba wanda ya tilasta musu, kuma suka bi hanya guda. Asibitocin mishan na Najeriya, kowanne da cocinsa da hukumarsa, sun kafa ƙungiyar CHAN a 1973, kuma kafin ƙarshen shekarun 1970 suka buɗe sashen sarin magani na haɗin gwiwa mai cibiya a Jos. Katolika da Furotesta ba su haɗa aƙida ba, sun haɗa sito. A Uganda ma haka aka yi a 1979, a Kenya a 1986. A Amurka, asibitocin birnin New York sun kafa ofishin saye na bai-ɗaya tun 1910, yau kuma akasarin asibitocin ƙasar ta irin waɗannan ƙungiyoyi suke sayayya. Bayan da asibitocin karkara sama da 100 suka rufe a can daga 2010, ƙananan asibitoci sama da 20 a jihar North Dakota sun haɗu a 2023, musamman don kada manyan kamfanoni su haɗiye su. Su dai sun ɗauki haɗakar a matsayin katangar da ke kare 'yancinsu.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma ba za a share shi da baki ba. Babban sito babbar kafa ce ta ɓarna. Idan mai saye ɗaya ne, kuskurensa ko son zuciyarsa zai shafi kowa lokaci guda. Idan ya yi jinkiri, asibiti ɗari ne ke jira. Idan doka ta hana saye a wani wuri, to an ɗaure mara lafiya da igiyar da ba shi ya kitsa ba. Duk wannan yana faruwa a ƙasashe da dama. Sai dai a auna da abin da ke ɗaya hannun. Sito ɗaya ana iya bincikarsa a mako guda, a buga farashinsa kowa ya gani, a kai samfurin maganinsa ɗakin gwaji. Masu saye ɗari da ke shiga kasuwa kowa da jakarsa ba mai iya bin sawunsu, kuma yaƙin da NAFDAC ta sha da magungunan jabu tun zamanin Dora Akunyili ya nuna inda ɓarnar ta fi samun mafaka. Abin da ƙorafin ke koyarwa shi ne sharuɗɗan da ya kamata a gindaya: asibiti ya sami damar saye a wani amintaccen wuri in sito ya ce babu, lissafi ya kasance a buɗe, kuma a biya bashi kan lokaci. Wannan na ƙarshe gwamnati ya fi shafa. Ba da magani kyauta ga masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, kamar yadda Jigawa ta yi, aikin alheri ne, amma kowace ƙwayar da aka bayar kyauta daga kantar asusu ta fito. In baitulmalin jiha ya yi jinkirin maido da kuɗin, to da jarin asibiti aka yi kyautar.

Mai ƙorafi na uku zai ce kuɗin Turawa ne ya riƙe tsarin Gunduma, shi ya sa bai daɗe ba. Lallai Hukumar Gunduma ba ta wanzu ba: a zamanin Muhammad Badaru Abubakar, wanda ya hau a 2015, an maye gurbinta da hukumar kula da lafiya a matakin farko irin wadda sauran jihohi ke da ita, manyan asibitoci kuma suka koma ƙarƙashin ma'aikatar lafiya. Amma albashi da yawancin kuɗin gudanarwa daga aljihun jiha da ƙananan hukumomi suke fitowa tun asali. Masu tallafi jari da horo suka kawo. Abin da ya fi bayyana sauyin shi ne tsarin ƙasa, musamman bayan Dokar Lafiya ta 2014 da ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya na tushe, kuɗin da ke bi ta hukumomin jiha masu siffa iri ɗaya. Kuma ba a koma gidan jiya gaba ɗaya ba, domin ƙananan asibitoci sun ci gaba da zama a inuwa ɗaya a matakin jiha. Abin da aka rasa, a ganina babban rashi ne, shi ne igiyar da ta ɗaure ƙaramin asibiti da babban da yake tura wa marasa lafiya a ƙarƙashin shugaba ɗaya.

Waɗanda wannan tarihi ya fi shafa a yau su ne masu asibitocin kuɗi da suka yawaita a Dutse tun bayan buɗe jami'ar tarayya a 2011 da ƙaruwar ma'aikata. Ana kukan targaɗe sai ga karaya: a 2023 aka cire tallafin man fetur, aka saki naira, kamfanin GSK ya sanar da daina harkarsa ta kai tsaye a Najeriya, farashin magunguna da dama ya ninka. Ga inshorar lafiya ta jiha a hannun hukumar JICHMA, da dokar tarayya ta 2022 da ta wajabta inshora. Mai biyan kuɗin dubban mutane shi ke yanka farashi, kuma asibiti mai gado goma ba shi da bakin ciniki da shi in shi kaɗai ya je. Tsoron masu asibitin a fili yake: kada abokin haɗaka ya ga littafina, kada ya janye mini marasa lafiya. Amma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ba a bukatar haɗa riba ko suna ko likita. Abin da ake haɗawa shi ne odar magani ta wata-wata, da ɗakin gwaje-gwaje mai tsada, da ajiyar jini, da motar ɗaukar mara lafiya, da ƙwararren da zai zagaya asibiti huɗu a mako maimakon ya gagari kowannensu. Masu cewa mutanenmu ba su iya riƙon amanar asusun haɗaka ba, su dubi kwamitin zakka na Masarautar Dutse, wanda ya yi suna a zamanin marigayi Sarki Nuhu Muhammad Sanusi wajen tara hatsi da kuɗi gunduma-gunduma da raba su a bainar jama'a.

A ɓangaren gwamnati kuma tsohuwar tambayar ta dawo da sabuwar riga. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ba ta asusun haɗin gwiwa da jiha ba. Hukuncin yana da hujjarsa, ganin yadda gwamnoni da yawa suka mai da wancan asusu aljihunsu. Amma albashin ma'aikatan lafiya na matakin farko daga wannan kaso ake cirarsa. Idan kowane ciyaman ya karɓi kuɗinsa ya ce shi zai ɗauki nasa ma'aikata ya sayi nasa magani, Kiyawa da Buji da Miga za su koma inda suke a shekarun 1990, kowace da ɗan kwangilarta. Idan kuwa majalisun ƙananan hukumomin suka amince da kansu, a rubuce, su riƙa zuba wani kaso a sito ɗaya da asusun albashi ɗaya, da sharaɗin wakilansu su zauna a kan lissafin, to a karon farko tun zamanin En'e za a sami haɗakar da waɗanda ke cikinta ne suka zaɓe ta.